Ku bar Glenn Gould ya huta da zancen safar hannu

Wallahi bidiyon nan da kuke ta turo min ya ɓata min rai. An ɗauko mutum kamar Glenn Gould, makaɗin fiyano ɗan Kanada, an jera safar hannunsa da kujerarsa da kwalaben magungunansa, an rubuta "mahaukacin makaɗi" a sama, kowa sai dariya yake. Daga farko har ƙarshe ba a bari an ji kiɗansa ba. Wannan ba adalci ba ne.

Eh, duk ya faru. A watan Yunin 1955 ya shiga situdiyon kamfanin faifai na Columbia a New York, gari ya ɗau zafi, shi kuwa ga kwat, ga mayafin wuya, ga safar hannu. Kafin ya taɓa fiyano sai ya tsoma hannuwansa a ruwan ɗumi kamar minti 20. To sai me? Yaro ne ɗan shekara 22 daga Toronto, kuma abin da ya bari a tef a makon nan, wato kiɗan Goldberg Variations da Bajamushe Bach ya tsara, har yau ana sayensa. Wannan ne labarin, kuma shi kuka tsallake.

Ku dubi kujerar da kuke wa dariya. Mahaifinsa ne ya gyara masa ita, gajeruwa ƙwarai, idan ya zauna sai ka ga fuskarsa ta kusa taɓa madannai. Dalili gare shi. Daga ƙasa yake janyo madannan da yatsu maimakon ya doke su daga sama, shi ya sa idan Bach ya jero muryoyin kiɗa uku ko huɗu lokaci guda, a hannun Gould kowace za ka ji ta daban, tsaf. Har matashin kujerar ya cinye, ya rage katako zalla, bai canza ta ba. Kayan aikinsa ce. Wa ya taɓa zagin maƙeri don ya ƙi rabuwa da tsohuwar gudumarsa?

Haka ma muryar nan da yake bin kiɗan da ita ƙasa-ƙasa. Injiniyoyi sun sha wahala da ita, sun yi ta dabara da makirfo, ba ta ɓace ba. Ni dai ina son jin ta. Ita ke tuna min cewa mutum ne zaune a wurin, kiɗan ya cika masa ƙirji har ya kasa yin shiru.

Na san wasu za su ce ai ya gudu daga dandali a 1964, ya ɓuya a situdiyo yana yanke tef yana haɗawa, wai ha'inci ne. Haba jama'a! Bai ɓoye wa kowa ba, da hannunsa ya rubuta cewa yana yi. Darakta na maimaita ɗaukar fim har sai ya gamsu, ba wanda ya kira shi maha'inci. Kuma mutumin da Leonard Bernstein, jagoran ƙungiyar makaɗa, ya fito gaban jama'a a 1962 ya ce bai yarda da salonsa ba amma zai jagoranci kiɗan duk da haka, ba rashin iyawa ne ya sauke shi daga dandali ba.

A 1981 ya koma ya sake ɗaukar Goldberg ɗin. Na farko kamar minti 38 ne, na biyun ya haura 50, a natse, kamar ba mutum ɗaya ba. Shekara ta zagayo ya rasu, kwanaki kaɗan bayan ya cika 50. Ku saurari biyun a jere kafin ku sake turo min zancen safar hannu.

Af, wanda ya kamata a yi wa bidiyo ma shi ne Verne Edquist, mai saita masa fiyano, wanda idanunsa ba sa gani sosai. A 1971 masu dako suka kayar da fiyano ƙirar Steinway da Gould ya fi so, mai lamba CD 318, wadda Edquist ke saitawa, ta lalace. An gyara, an sake gyarawa, sautin bai dawo yadda Gould ya san shi ba. Tana Ottawa yanzu.