Dutsen Rumawa da ke kan talabijin ɗina

Lokacin da nake karatu a Alƙahira muka hau jirgin ƙasa zuwa Iskandariyya kallon ginshiƙin nan na unguwar Karmuz da Misirawa ke kira Amudus Sawari, wanda aka kafa wajen shekara ta 300 don karrama Sarkin Rum Diyokilishiyan. Tsawonsa kusan mita 27 ne, gangar jikinsa kuma jan dutse ne guda ɗaya da aka sassaƙo daga Aswan, ga shi tsaye a tsakiyar benaye da shanyar jama'a. Da muka fito na tsinci ɓallin dutse a gindin katanga, na jefa aljihu.

Shekara tara yana kan talabijin ɗina, kuma babu baƙon da ya sha ruwa a gidan bai ji tarihinsa ba, har ranar sunan 'yata da Kawu magini ya zo.

Na miƙa masa da hannu biyu a gaban surukaina, na ce, "Kawu, ku taɓa abin da ya girmi ganuwar Kano." Ya juya shi, ya shinshina, ya kankare gefe da farce, sannan ya ce, "Ɗana, wannan ai siminti ne, kuma ma an cika masa yashi." Na gyara zama, na bayyana cewa Rumawa ma suna da nasu kankare na farar ƙasa da tokar dutse mai aman wuta. Kawu bai yi musu ba. Sai ya ƙwanƙwasa shi a dokin ƙofa sau ɗaya, ya rabe biyu, ga marfin kwalbar lemo a ciki, da rubutun Larabci raɗau. Ni ɗin da na yi karatu a Masar aka miƙa wa in karanta wa jama'a.

Kawu na yafe masa, domin sana'arsa ce ta yi magana. Wanda ban yafe wa ba shi ne ƙanin matata, wanda ya taɓa roƙona in ɓantara masa kaɗan, amma ranar ya yi dariya har kunu ya sarƙe shi, kuma har yau in ya kira waya sai ya tambayi lafiyar Sarkin Rum.

Rabi ɗaya ya ɓace a shara. Ɗayan kuwa uwargida ta tokare ƙofar madafa da shi.