Tinashe, Immanuwel da sunayen da muka daina jin ma'anarsu

Maƙwabciyata a nan Harare, babban birnin Zimbabwe, kowa Mai Tinashe yake ce mata, kamar yadda a gida za mu ce Maman wane. Kullum da magariba sai ta leƙo ta ƙwala wa ɗanta kira ya zo ya ci sadza, tuwon masararsu. Na fi wata shida ina jin kiran nan kafin na tambaye ta ma'anar sunan. Ta dube ni da mamaki, don a wurinta babu abin fassarawa. A harshen Shona "tina" na nufin muna tare da, "she" kuma daga Ishe ne, wato Ubangiji. Ashe duk yamma matar nan shelanta wa unguwa take cewa muna tare da Ubangiji.

Abin da ya ƙara kama ni shi ne Yahudawa sun riga sun ƙera irin wannan suna tun kusan ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Immanuwel a Ibrananci kashi biyu ne: "immanu", tare da mu, da "El", Allah. Babu dangantaka tsakanin harsunan biyu, ɗaya ɗan'uwan Larabci ne, ɗaya na dangin Bantu, amma sun faɗi magana guda. Haka Natan, wato ya bayar, yake tafiya da Chipo, kyauta, da Tapiwa, an ba mu. Hannatu, wadda asalinta alheri ne, 'yar'uwarta a Shona ita ce Nyasha.

Bambancin yana wurin kunne. Bashone yana jin sunansa kamar yadda yake jin sauran zance. Tendai umarni ne, ku gode. Farai, ku yi murna. Mu kuwa muna ɗauke da sunaye masu tushe a Ibrananci da suka iso mana ta Larabci, amma kaɗan ne cikinmu suka san abin da suke cewa. Isma'ila na nufin Allah yana ji. Zakariyya, Ubangiji ya tuna. Yahaya ana danganta shi da Yohanan, Ubangiji ya yi alheri. Na tambayi wani ƙanina mai suna Isma'ila ta waya, ya ce shi dai ya san sunan Annabi ne. Wannan babbar daraja ce, ba na musu, sai dai na so a ce ya san sauran.

Kuma ba wai Hausa ba ta da irin nata ba. Kakata Kande ake kiranta don ta biyo bayan maza. Akwai Tanko, akwai Gambo mai bin tagwaye, akwai Kyauta. Wanda ya fi taɓa min zuciya shi ne Barmani, sunan da uwa ke sa wa 'yar da ta samu bayan ta sha binne 'ya'ya. Addu'a ce tsirara, roƙo ne ga Mahalicci: bar mini wannan. Yau mun mayar da su sunayen ƙauye, ana jin kunyarsu, an maye gurbinsu da laƙabin da ko mai saka shi bai san inda ya samo ba. Wannan yana min ciwo ƙwarai.

Ban ce komai na Shonawa abin koyi ba ne. Suna da Nhamo, wahala, da Tambudzai, wanda ya fito daga kalmar wahalarwa, kuma ban ga dalilin ɗora wa jariri damuwar manya ya yi ta yawo da ita har tsufa ba.

Sunan yanka yana nan daram, na Annabawa da Sahabbai, babu mai taɓa shi. Abin da nake kira gare shi shi ne sunan da ake kiran yaro da shi a tsakar gida ya zama wanda kunnensa zai gane. Matata na da ciki wata bakwai, mun yi shekara tara muna jira. Idan mace ce, Maryam za a raɗa mata, a gida kuma Kyauta. Da na gaya wa Mai Tinashe ma'anarsa, sai ta tafa hannu ta ce ai Chipo ke nan.