Shin dole ne fim kashi na biyu ya gaza na farko?

Ana yawan cewa da zarar an yi wa fim ci-gaba, to inganci da kasuwa sun kama hanyar gangara. Maganar ta haɗa abu biyu da ba sa tafiya tare: daɗin labari da yawan kuɗin shiga.

Ta fuskar kuɗi, sau da yawa akasin haka ake gani. The Terminator na 1984 ya tara kusan dala miliyan 78, kashi na biyu a 1991 ya haura miliyan 500. Toy Story 3 ya zarce dala biliyan 1 a 2010, kusan ninki uku na na farkon. A Indiya ma Baahubali 2 ya bar na farko a baya nesa. Dalili kuwa, 'yan kallo sun riga sun san jaruman, ba sai an yi musu dogon talla ba.

Amma ciniki ba riba ba ne. An kashe wa Terminator na farko dala miliyan 6 da ɗoriya, na biyu ya ci kusan miliyan 100, domin jarumi kan ƙara farashi, aikin ma ya ƙara girma.

Batun inganci yana da 'yar dabara. Galibi fim ɗin da ya yi zarra ake yi wa ci-gaba, don haka da gwani ake auna ci-gaban. Duk da haka The Godfather Part II ya lashe lambar yabo ta Oscar ta fim mafi kyau. Inda ake faɗuwa shi ne a sauya darakta da marubuci, a matsa musu da wa'adi, labari ya ƙare amma a ci gaba da ja, kamar Jaws na huɗu a 1987.