Mai hular gashin da kuke wa dariya

Assalamu alaikum ƙannena samari.

Daren Juma'ar da ta wuce ina zaune a teburin mai shayin unguwarmu, sai ɗan maƙwabcinmu, yaron da nake ji da shi, ya miƙo mini waya yana ƙyaƙyata dariya har da riƙe ciki. "Yaya, don Allah dubi waɗannan. Wai a wannan zamanin!" Bidiyo ne na wasu maza a jere suna tsalle da 'yan ganguna a hannu, fuska shafe da launin ɗorawa da ja, kowanne da ƙatuwar hula kamar an kifa masa kwale-kwale, an soke ta da gashin tsuntsaye. Ba zan ɓoye muku ba, ni ma na dara. Sai da na kwanta abin ya tsaya mini a rai, don na taɓa karanta labarin mutanen, kuma na san hular nan ta fi ƙarfin yawancin waɗanda ke kan bencin, har da ni.

Mutanen Huli ne, daga yankin Tari a lardin Hela, can cikin tsaunukan Papuwa Niyu Gini, arewa da Ostireliya. Ƙasa ce mai harsuna sama da 800, ta sami 'yanci a 1975. Kafin wani ya ce "mutanen daji", ya sani cewa a fadamar Kuk, kusa da garin Hagen, an tono shaidar noman gwaza da ayaba da magudanan ruwa da ta haura shekara 7,000, har UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 2008. Turawa sun daɗe suna zaton ba kowa a tsakiyar tsibirin sai dutse da kurmi, sai a farkon shekarun 1930 masu neman zinare irin su Mick Leahy suka kutsa, suka tarar da kwaruruka cike da gonaki a tsare da jama'a wajen miliyan guda. Su ma mutanen tsaunin da suka ga fararen fata sun ɗauka matattunsu ne suka dawo. Amma ba su tsaya kan zato ba. Wasu suka laɓe, suka bi baƙin har inda suke kewayawa, suka duba abin da suka bari, suka dawo da rahoto: warinsa irin namu ne, mutane ne. Su sun yi bincike kafin su yanke hukunci. Mu daƙiƙa talatin na bidiyo sun ishe mu, alhali Suratul Hujurat ta hana wasu mutane yi wa wasu izgili, ta kuma faɗi dalilin da ya sa aka yi mu ƙabilu daban-daban.

To, hular. Ba ta kanti ba ce. Sumar mai ita ce. A al'adar Huli akwai abin da ake kira haroli: saurayi ya bar gida, ya shiga kurmi ƙarƙashin wani dattijo gwani, wanda ake biya ladan koyarwa. Zai yi wajen wata 18 yana renon gashin kansa. Kullum sau uku ana yayyafa wa gashin ruwa ana karanta masa abin da suke karantawa. Barci ma ba yadda ya ga dama ba, sai ya ɗora wuya a kan itace don kada sumar ta kwanta. Ba ruwansa da mata, ba hira, ba kusanta, kuma akwai abincin da aka hana shi. In gashin ya kai, sai a aske shi a tsanake, masaƙi ya ɗinke shi ya zama hula, a ƙawata da busassun furanni da gashin tsuntsun nan da ke jikin tutar ƙasarsu, wanda suke kira kumul. Ranar da ya fito, duk wanda ya kalli kansa ya san abin da ya jure. Ba ya bukatar ya ce "ni fa yanzu ba yaro ba ne". Hujjar tana bisa kansa.

Ku kuwa sau nawa nake jin wannan kalma a bakinku? An ce ka dawo gida kafin sha ɗaya, ka ce kai ba yaro ba ne. An ce ka sauka daga babur ka gaida kawunka, ka ce an raina ka. To, wa ya shaida? Gemu ba shaida ba ne, ɗan akuya ma yana da shi. Wane abu ka taɓa riƙewa wata 18 ba fashi, ƙarƙashin wani babba da ke da ikon ce maka "a sake" kuma ka sake?

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na maƙwabtansu, mutanen Enga. Su nasu sunansa sangai. Samari marasa aure su tafi can cikin kurmi tare da manya, kwana huɗu ko biyar, inda mace ba ta takawa. Daga cikin abin da ake fara sa su yi har da wanke ido. Saurayi ya tara fuska a ƙarƙashin ruwan ƙorama mai sanyin ƙanƙara, ido buɗe, har ya yi jawur, wai don a fitar da duk ƙazantar da idon ya kalla. Sannan akwai wani tsiro na fadama da suke kira lepe, wanda samari ke reno, ana gādonsa daga wani rukuni zuwa na bayansa. A wurinsu, in tsiron ya yi yaushi, to wani ya karya doka a ɓoye, sai a tsare shi har ya faɗi gaskiya. Da dare su kwanta, da safe kowa ya faɗi mafarkinsa, manya su fassara. Ba kuma sau ɗaya ake yi a gama ba, saurayi yakan koma har sai an ga ya isa aure. In sun fito, jiki ya sha mai, an yi ado, dangi na jira, 'yan mata na kallo.

Ba cewa nake ruwan ƙorama na goge zunubi ba, balle ganye ya san sirrin mutum. Wannan imaninsu ne, mu muna da namu. Abin da nake so ku lura, mutanen da ba su da boko ba su da littafi sun gane cewa abin da idon saurayi ya sha yana zama a cikinsa, yana rage masa ƙarfi da kwarjini. Yanzu ka tuna abin da idonka ya kalla tsakanin sha biyun dare da kiran assalatu a makon nan kawai, a cikin bargo, da datar da ka roƙa. An umarce ka da runtse ido tun kafin a ƙirƙiro waya. Yaushe rabonka da wanke shi?

Kada kuma wani ya ce na zo ina wanke al'adun mutane kaf. Akwai masu muni. A gabashin tsaunukan, wajajen garin Goroka, a da wasu ƙabilu kan cusa wa yaro ganye mai kaifi a hanci har ya yi haɓo, ko a sa shi haɗiye wata tsumagiya mai laushi don ya amayar, wai a fitar masa da jinin uwa. Ana ɓoye wa mata sarewar tsafi, a ce musu kukan aljani ne. Akwai ma abin da alƙalami ba zai rubuta ba. Yawancin wannan an gina shi a kan tsoron mace da ƙasƙantar da ita, kuma har gobe matan ƙasar na shan duka. A 2013 an ƙone wata matashiya da ranta a garin Hagen bisa zargin maita, a shekarar ce majalisa ta soke dokar maita ta 1971. Wanda duk ya yi kewar irin wannan bai san abin da yake faɗa ba.

Amma ku zo mu ga yadda ake zama babban mutum a can. A wajen Melpa na yankin Hagen ba a gādon girma. Akwai musayar kyauta da ake kira moka: an ba ka, kai kuma in za ka mayar sai ka ɗora ƙari a kai, ƙarin nan shi ne sunanka. Dukiyar a da ita ce alade, da wani ɓawon kawa mai sheƙi da ake kira kina, wanda kuɗin ƙasar ya ci sunansa (kamar dai yadda namu "kuɗi" jam'in wuri ne). Wani jagoran ƙabilar Kawelka mai suna Ongka ya shafe shekaru yana zarya gida-gida, yana lallashi, yana faɗa, har aka tara alade wajen 600 da kuɗi da mota da babur, aka miƙa wa wata ƙabila a shekarun 1970. Bayan taron hannunsa wayam, amma sunansa ya cika tsaunin. A can wanda ya tara ya danne ba kowa ba ne. Gaskiya kuma, matan ne ke noman dankalin da aladun ke ci, su ke kiwon, maza su sha yabo a fili. Duk da haka ma'aunin ya fi wanda kuke amfani da shi. Naku shi ne wa ya fi tsadar waya, wa ya ɗauki hoto jingine da motar da ba tasa ba. Kai da ka fara samun na kanka, wa ke ci daga hannunka? Ko sabulu ka taɓa ajiye wa Inna ba ta tambaya ba?

Yanzu ga inda labarin ya yi ɗaci. Mishan ta zo, makaranta ta zo, aikin kuɗi ya zo. Yau kusan duk ƙasar Kirista ne. Aka daina sangai a yawancin wurare, ɗakin maza inda yaro ke kwana yana jin tarihin dangi da dokokin yaƙi da na sulhu ya zama kango. An rushe tsohuwar makaranta da mugun da ke cikinta da mai kyan, sabuwar kuma ba ta ɗauke kowa ba. Yaro ya yi 'yan ajujuwa ya fito, ba aiki, ga zinare a Porgera, ga iskar gas a Hela ana fitarwa waje tun 2014, shi ko ƙamshi bai ji ba. Bukatar a ce masa namiji kuwa ba ta mutu ba, sai ya nemo wa kansa hanya: wiwi, barasar da ake dafawa a gida, da bindiga. Da can faɗan ƙabila na kwari da baka ne, dattawa ke cewa a fara, su ke cewa a tsaya, a biya diyya da alade. Tun wajajen 1990 da bindigogi suka shiga Enga, magana ta koma hannun samari masu harbi, har da waɗanda ake ɗauka haya daga wata ƙabila. A Fabrairun 2024, kusa da Wapenamanda a Enga, an kashe mutum gommai a kwanton ɓauna guda, aka loda gawarwaki a bayan mota.

Ba sai na ja muku layi ba. Kun san yadda ake shiga daba, kun san abin da ake sa sabon shiga ya sha da abin da ake sa shi ya aikata kafin a ce ya zama ɗan gari. Shi ma horo ne, da malamansa da jarrabawarsa, illa dai malamin ya girme ka da shekara biyu kacal kuma bai damu ko ka kai badi ba. Ku kuwa ba a rushe muku komai ba tukuna. Allo na nan, sauka na nan, gandu na nan, maƙera da masu ɗinki da kanikawa na neman yaran da za su zauna. Ku ne kuke ganin zama gaban babba faɗuwa ce.

Washegarin daren da na ga bidiyon na sake haɗuwa da yaron maƙwabcinmu, na ba shi labarin haroli. Ya ce, "Wata sha takwas, Yaya? Ba waya?" Na ce babu. Ya girgiza kai, ya ce su suka ga za su iya. Mahaifinsa kafinta ne, shagonsa na bakin titi shekara da shekaru. Da na wuce da la'asar na hango tsohon yana auna katako, wani yaro ɗan ƙauye da aka kawo masa bara yana riƙe masa ɗaya bakin.