Magarya na da sinadarin da ke kashe sankara a ɗakin gwaji, amma jiƙonta ba zai warkar da kowa ba

A 1995 masu bincike a Jami'ar Illinois da ke Shikago a Amurka suka sanar da samo wani sinadari mai kashe ƙwayoyin wata muguwar sankarar fata a ɗakin gwaji, wanda kuma ya hana ƙari girma a jikin ɓeraye. Daga sassaƙen magarya da aka ɗebo a Zimbabuwe suka tatso shi, irin magaryar nan da yara ke tsintar 'ya'yanta a bayan garin Marwa da Garwa. Sunansa betulinik, ɗaya daga cikin dangin sinadaran da masana ke kira tiritafin, waɗanda tsirrai ke tarawa a ɓawo da ƙaro da ganye don kare kansu daga ƙwari da cuta.

Arewacin Kamaru cike yake da wannan dangi. Man kaɗanya na ɗauke da lupeyol da amirin, kuma a 2010 masana a Japan sun nuna suna rage kumburi a fatar ɓeraye. Ɗacin darbejiyar da ta yi wa titunan Marwa inuwa daga 'yan uwan tiritafin yake. Hano yana da ɗan uwa a Indiya wanda aka gwada ƙaronsa a Jamus a 2011 kan masu ƙari a ƙwaƙwalwa da ake gasa wa ciwon da na'ura, kumburin ya ragu. Iyayenmu da ke shafa man kaɗanya a gaɓar da ta kumbura sun san abin da suke yi.

Sai dai tun daga 1995 har yau, betulinik bai zama maganin sankara da wata hukuma ta amince da shi ba. Babban dalili shi ne da ƙyar yake narkewa a ruwa, hanji ba ya tsotsarsa sosai, don haka abin da ke kai wa jini bai kai ko kusa da wanda aka zuba wa ƙwayoyin cuta a kwanon gwaji ba. To sinadarin da ruwa ba ya ɗauka, nawa ne zai fito a jiƙon sassaƙe?

Fitowa daga itace kuma ba ya nufin rashin illa. An ƙera wani magani mai suna bardoxolone daga wannan dangi, aka gwada shi kan masu ciwon ƙoda, a 2012 aka dakatar da gwajin saboda zuciyar wasunsu ta riƙa gazawa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi nasara a gwaji, Filsuvez da Tarayyar Turai ta amince da shi a 2022, na raunukan wata cutar fata ce da ake gado.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda masu talla da lasifika a kasuwa da masu tura saƙon WhatsApp ke cewa jiƙon sassaƙe na warkar da sankara, wai "Turawa ma sun tabbatar". Mace ta ji ƙulli a nono, hanyar Yawunde ko Duwala ga nisa ga tsada, sai a miƙa mata kwalba a sefa kaɗan. Ban ga laifinta ba. Amma watannin da za ta yi tana sha su ne lokacin da tiyata za ta iya cetonta, kafin ciwon ya bazu.

Masu maganin gargajiya na gaskiya suna da yawa, kuma su mutane ke fara zuwa wa. Ya kamata hukumomin lafiya su zauna da su a kan abu ɗaya: ƙulli a nono, jinin da ke zuwa bayan mace ta daina al'ada, gyambon da ya ƙi warkewa, duk a tura asibiti nan take. Jami'o'in Marwa da Ngaundere da cibiyar binciken tsirran magani da ke Yawunde kuma a ba su kuɗin da za su auna yawan sinadarin da ke cikin hanonmu da kaɗanyarmu, su gwada su kan ciwon gaɓoɓi da kumburin fata, inda hujja ta fi ƙarfi.