An dawo da darasin Tarihi, an bar shaidunsa suna ƙarewa

Sau biyu ke nan cikin 'yan shekaru ana yi mana shelar mayar da darasin Tarihi makarantun firamare da ƙananan sakandare. An yi a 2022, aka sake yi a 2025, kamar mai ɗaura aure sau biyu da mace ɗaya. Dawowar ba ta dame ni ba, don tun da aka cire darasin wajen 2009 muke ƙorafi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar da ke biyo bayan kowace shela ba ta wuce littafi: wa zai rubuta, wa zai buga, wa zai samu kwangilar rabawa. A nan Kebbi, da maƙwabciyarmu Zamfara, ban ji mai faɗa a ji ko ɗaya ya tuna cewa akwai tsofaffi a cikin gidajenmu da suka ga manyan al'amuran duniya da idonsu, kuma kullum ana kai ɗaya daga cikinsu makwanci ba tare da an ɗauki muryarsa ba.

A je ƙasar Zuru. Tun zamanin Turawa aka san ta da aikin soja, da wuya ka shiga unguwa ba ka tarar da gidan da ya ba da ɗa ba. A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda iyayenmu ke kira yaƙin Hitla, sojojin Najeriya sun yi yaƙi da Italiya a 1941 daga Mogadishu har cikin Habasha. Bayan nan aka haɗa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma aka tura su ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, su kara da Japan. Sun ratsa kwarin Kaladan da yankin Arakan, suka karɓi garin Myohaung a watan Janairun 1945. Wasu bataliyoyin namu kuma sun shiga cikin dakarun Chindit da aka jefa bayan layin abokan gaba a 1944. Barikin Dodan da na Arakan da na Myohaung a Legas, na Kalapanzin da na Dalet a Kaduna, na Chindit a Zariya, duk daga wannan yaƙi suka samo suna. Tambayi ɗalibin aji uku na sakandare a Birnin Kebbi daga ina aka samo sunan Dodan, ka ji abin da zai ce.

Ina yaro akwai wani ɗan mazan jiya a unguwarmu, kowa Baba yake ce masa. Takardar sallamarsa tana naɗe cikin leda a ƙasan akwatin ƙarfe, tare da lambobin yabo da zarensu ya koɗe. Ba ya ba da labarin harbi sai an matsa masa. Abin da ya fi faɗa shi ne ruwan sama da ba ya ɗaukewa, da matsattsaku da suke shiga takalmi su sha jinin mutum bai sani ba sai ya cire da dare, da yadda suke ɗaukar kaya a ka cikin surƙuƙin da mota ba ta shiga, suna ɗaga kai suna jiran jirgin sama ya jefo musu abinci. Ya ce abin da ya fi girgiza shi a tafiyar shi ne ganin Bature yana kuka don tsoro, da ganin talaucin Indiya. In ya kai nan sai ya yi shiru, ya ce, "Yaro, daga ranar na daina cire hula don farar fata." Babu rahoton hafsan Ingila da zai gaya maka wannan, alhali da irin wannan tunani dubban mutane suka dawo garuruwansu, shekara goma sha biyar kafin 'yancin kai. Baba ya rasu, akwatin kuma ba wanda ya san inda ya shiga.

Da ka kawo wannan magana a gaban wasu 'yan boko sai su taɓe baki. Wai labarin baka ba hujja ba ne, tsoho yana mantuwa, yana ƙari, yana mayar da kansa gwarzo. Tarihi na gaskiya, a wurinsu, shi ne wanda ke cikin fayil mai lamba. To, wa ya rubuta fayil ɗin? Takardun da ke jibge a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, galibinsu Di'o ne da Razdan suka rubuta, mutanen da ke neman ƙarin girma, waɗanda da yawansu sai da tafinta suke jin abin da talaka ke faɗa. Su ma shaidu ne, da nasu son rai, illa dai suna da tafireta. Lokacin da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa kuza, aka shiga ɗiban mutane daga lardunan Arewa ana kai su aikin tilas a ma'adinan Jos har 1944. Fayil zai ba ka adadin leburori da tan nawa aka haƙo. Sanyin Filato a jikin mutumin da ya taso a zafin ƙasar Sakkwato, da yadda dagaci ke zaɓen ɗan wanda ba shi da gata ya bar ɗan mai hali, wannan sai a bakin wanda aka ɗiba. Hukumar da ke kula da kaburburan sojojin Birtaniya da ƙasashen renonta ma sai a 2021 ta amsa cewa dubban 'yan Afirka da Asiya da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya ba a rubuta sunayensu yadda aka rubuta na Turawa ba. Wannan ita ce takardar da ake so mu dogara da ita kaɗai.

Abin ya fi ban haushi da yake a ƙasar Gwandu ake faɗarsa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya halarci yaƙin Tabkin Kwatto a 1804 da na Alwasa a 1805, kuma abin da ya gani ya zuba a littafinsa Tazyinul Waraƙati, wanda masana ke dogara da shi har gobe. Malamanmu na zaure kuwa sun gaji ilmin tantance mai ruwaya: wane ne shi, ya riski abin da yake faɗa, yaya haddarsa, wa ya faɗi irin abin da ya faɗa. Al'ummar da ke da wannan horo ba ta buƙatar a koya mata yadda za ta auna maganar tsoho. Idan ya ruɗe a shekara, a gyara da takarda. Idan ya ƙara gishiri, a ji ta bakin abokin tafiyarsa.

Gurbin da muka bari kuwa ba a bar shi fanko ba. Duk ranar da yaƙi ya ɓarke a Yukiren ko Gabas ta Tsakiya, sai ka ga matasa a Facebook da TikTok sun zama masana, suna bayanin Yaƙin Duniya na Biyu daga bidiyon minti biyu, wasunsu har suna yabon Hitla, mutumin da aƙidarsa ba ta ɗauki baƙar fata cikakken mutum ba. Mai yiwuwa kakan mai yabon yana cikin waɗanda suka sha ruwan kwari a Bama.

Tsofaffin sojojin yaƙin Hitla sun kusa ƙarewa, don wanda ke da shekara 18 a 1944 yau yana bakin ɗari. Amma waɗanda suka je Kwango ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya tsakanin 1960 da 1964 akwai sauransu. Na yaƙin basasa suna nan. Na ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, da suka shiga Laberiya a 1990, daga baya Saliyo, da ƙarfinsu ma, wasu suna gadi a ƙofar banki. Kuma ba soja kaɗai ke ganin tarihi ba. A Jega da Yawuri akwai zuriyar fataken goro da gwamnatin Firaminista Busia ta ba mako biyu su bar Gana a ƙarshen 1969. Na san wata tsohuwa da ta taso a zangon Kumasi, ta iso gida a bayan babbar mota da keken ɗinki da goyo, har yanzu in ta fusata da yaren Asante take faɗa. Akwai alhazan da ba su kai ga dawowa ba lokacin da 'yan bindiga suka mamaye Harami a watan Nuwamban 1979. Akwai manoman da suka ga farin 1973, da waɗanda suka yi dakon gyaɗa da auduga zuwa tashar jirgin ƙasa a Gusau da Ƙaura Namoda.

Masu cewa ana fama da yunwa da 'yan bindiga, wa ke ta hira da tsofaffi, su je sansanin 'yan gudun hijira su ga su wa ke fara mutuwa, sannan su faɗa mana wa zai nuna inda burtali ya bi da inda iyakar daji take ranar da aka zauna sulhu.

Kowace 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, gwamnoni suna ajiye furanni, a saki tantabaru, a jera 'yan mazan jiya a rana a ɗauki hoto, a watse. Kuɗin rumfa da kujerun ranar kaɗai sun isa a fara. Muna da jami'ar tarayya a Birnin Kebbi da Gusau, muna da kwalejojin ilimi, kowane ɗalibi da waya a aljihu. A ɗora wa kowane mai karatun Tarihi ko Hausa ya ɗauko muryar tsoho ɗaya kafin a ba shi shaidar kammalawa, da harshen da tsohon ya ga dama, Hausa ne ko Dakarci ko Fulatanci ko Zabarmanci. Masarautun Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru su buɗe ƙofa, gidan tarihi na Kanta da ke Argungu ya ajiye kwafi, gidajen rediyon jiha su riƙa sakawa. Sai dai aiki ne da ba ya da kwangila a cikinsa, kuma ina zargin shi ya sa har yau ba kwamishinan da ya kawo shi majalisar zartarwa.