Me ya sa waya za ta tsaya cak don wani gini a Amurka ya samu matsala?

Ranar 20 ga Oktoban 2025 matsala ta taso a cibiyar kwamfutocin Amazon da ke arewacin jihar Bajiniya a Amurka. Nan take Snapchat da wasannin intanet da manhajojin wasu bankunan Birtaniya suka ƙi aiki. Wayoyin mutane lafiyarsu ƙalau, ga caji ga sabis, amma a danna a danna ba labari. Yawancin aikin da muke gani a fuskar waya ba a cikinta ake yinsa ba, ana tura shi ne zuwa manyan gine-gine cike da kwamfutocin haya, abin da ake kira girgije.

Ba na musun amfanin wannan tsari. Waya ƙarama ce, batirinta na ƙarewa, tana kuma ɗaukar zafi idan aka ɗora mata nauyi. Tun da Amazon ya fara ba da hayar kwamfutocinsa a 2006, matashi mai ƙirƙirar manhaja ya daina buƙatar sayen na'urori masu tsada kafin ya fara. Wanda aka sace wa waya kuma yakan tarar da hotunansa da lambobinsa suna jiransa a sabuwa. Damuwata ita ce an wuce gona da iri, har an mai da wayar tamkar taga kawai.

Ga nisa dai, ba wanda ya iya masa. Haske na tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa cikin igiyar gilashi da ke ɗauke da intanet. Idan cibiyar na da nisan kilomita 5,000, zuwa da dawowa kaɗai sun cinye kashi 1 cikin 20 na daƙiƙa, kafin a lissafa jinkirin turken sabis da na'urorin da ke kan hanya. Wannan ba komai ba ne ga mai tura saƙo, amma mai wasan bidiyo ko mai kiran bidiyo yana jinsa a jikinsa. Sannan mai waya ba a zaune yake wuri guda ba. Yana cikin mota, wayar na sakin turke tana kama wani, ko ya shiga ƙasan bene sabis ya ɗauke.

Ku dubi mai tura kuɗi. Ya danna, ɗan zoben nan yana ta juyawa, sabis ya yanke a tsakiya. Bai san ko kuɗin sun tafi ba, sai ya sake dannawa. Manhajar da aka gina da hankali tana ba kowace hulɗa lambarta, ta yadda ko sau goma aka tura, sau ɗaya za a cire. Tana kuma ajiye aikin a cikin wayar har sabis ya dawo. Wannan aiki ne mai wahala da tsada, shi ya sa masu gaggawar shiga kasuwa ke tsallake shi, su bar mai waya da fargaba.

Ɓangaren kasuwancin ya fi tayar mini da hankali. Google Photos ya shafe shekaru yana karɓar hotuna kyauta ba iyaka, sai a watan Yunin 2021 ya rufe wannan ƙofa, bayan mutane sun zuba rayuwarsu a ciki. A 2024 kuma aka fara lissafa ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android cikin gigabait 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta. Apple na nan kan gigabait 5 na kyauta tun 2011, alhali hotuna da bidiyo sun ninka nauyi. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Idan ma'ajiya ta cika, ko dai ka biya kowane wata ko ka goge hotunan iyayenka. Mai gidan ma na iya rufewa gaba ɗaya, kamar yadda Google ya rufe dandalinsa na wasannin bidiyo, Stadia, a Janairun 2023.

Su kansu masu manhajojin a ɗaure suke. Amazon da Microsoft da Google ne ke riƙe da fiye da rabin kasuwar girgije, kuma shigar da bayanai wurinsu kyauta ne, fitar da su ne galibi ke da caji. Tarayyar Turai ta yi dokar da za ta haramta cajin sauya kamfani daga Janairun 2027. Ya kamata sauran hukumomi su bi sahu.

Za a ce mayar da aiki cikin waya zai cuci masu ƙananan wayoyi, musamman yanzu da ƙirƙirarriyar basira ke neman inji mai ƙarfi. Gaskiya ne, kuma ban ce a rushe girgijen ba. Aiki mai nauyi ya tafi can. Amma karanta takardar da ka riga ka sauke, ko duba tikitin jirginka, ko rubuta saƙon da zai tafi daga baya, bai kamata ya jira amsar wata cibiya ba. Shagunan manhaja na Apple da Google, da suke tantance kowace manhaja kafin ta fito, suna da ikon wajabta wa kowacce ta bayyana abin da take iya yi ba tare da sabis ba, da kuma yadda mutum zai kwashe kayansa idan ya so tafiya.